Bagaruwa: Daga Kwatarniyar Majemi Zuwa Hanjin Farin Ɓera

Ƙasar Jahun ƙasa ce ta jigayi da fadamu, inda tudun rairayi kan miƙe ya yi nisa, sa'an nan ya gangara ya faɗa cikin laka mai riƙe ruwa har tsakiyar rani. A irin wannan gangare kuwa, musamman wajen fadamun da ambaliyar Kogin Haɗeja ke shayarwa, nan bagaruwa ta fi samun wurin zama. Itaciya ce wadda ba ta da kwarjinin kuka, ba ta da inuwar tsamiya, ba a kuwa cin 'ya'yanta don marmari kamar ɗinya ko kanya, amma da za a tara dattawan Aujara da na Harbo a ce su lissafa itatuwan da gida ba ya wadatuwa daga barinsu a zamanin iyayensu, da wuya su yi nisa ba su ambace ta ba. Sababin wannan daraja abu guda ne, shi ne baurin da Allah ya ajiye cikin kwanson 'ya'yanta, wanda in mutum ya tauna sai ya ji bakinsa ya ɗaure, harshensa ya yi kaushi, miyau ya ɗauke. A kan wannan bauri sana'ar jima ta tsayu. A kansa wani babban sashe na maganin ungozoma da wanzami ya dogara. Kuma shi ne dai, tare da danginsa na cikin sauran tsirrai, masu bincike suka shafe fiye da shekara 60 suna ciyar da fararen ɓeraye da shi, domin su gano abin da yake aikatawa ga ƙananan halittun da ke zaune cikin hanji.

Majemi ne ya fara sanin ƙarfinta, domin shi ne sana'arsa ba ta yafe kuskure. Fatar akuya in aka feɗe ta aka yar, kwana kaɗan ya isa ta ruɓe ta yi ɗoyi, alhali ita ce ɗin dai, in ta bi ta hannun gwani, za ta zama gafakar da jika zai gāda daga kakansa da Alƙur'aninta a ciki. Hanyar da ake bi a nan ita ce wadda ake bi a sauran ƙasar Kano tun da daɗewa: a jiƙa fata ta yi laushi, a tsoma ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, a kwantar da ita bisa gungume a kankare, a sa mata fataka ko kashin kaji don ta ƙara sakewa, sa'an nan a kai ta ga kwatarniyar da aka zuba dakakkiyar bagaruwa, inda za a yi ta juya ta ana murzawa ana canja ruwa, har baurin ya ratsa ta ciki da waje. Daga nan sai a shafe ta da mai, a ja ta, a shanya a inuwa. In ja ake so a rina da karan dafi, in baƙi ake so a shafa kuloko, wanda ƙarfe ne asalinsa, kuma da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta koma baƙa wuluk. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta ƙarfe, domin tana da wani aiki a gaba.

Abin da ke gudana cikin kwatarniya, bisa bayanin masana sinadarai, shi ne cewa fata furotin ce, kuma sinadarin da ke haifar da bauri, wanda suke kira tanin, ɗabi'arsa ce ya manne wa furotin ya ɗaure zarenta, har ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da nama su rasa ta inda za su kama. Kwanson bagaruwa da aka cire wa ƙwallo yakan ƙunshi tanin da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, wani lokaci ma ya haura, abin da ya sa ta shiga sahun gaba cikin itatuwan jima na Afirka. Ashe ke nan majemi ya yi ƙarnoni yana yaƙi da bakteriya, yana kuwa rinjayarsu, tun kafin wani ɗan Adam ya gan su da madubi.

Shari'a ma ba ta bar wannan babi ba. Ya zo cikin ruwayar Abu Dawuda da Nasa'i, daga Uwar Muminai Maimunatu, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga waɗansu mutane suna jan mushen tunkiya, ya nuna musu su amfana da fatarta, ya kuma ambaci ruwa da abin jimar Larabawa na dangin bagaruwa a matsayin abin da ke tsarkake ta. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi taka-tsantsan a mas'alar, kamar yadda duk almajirin da ya sauke Risala a zaure ya sani, suka halatta amfani da fatar mushe bayan an jeme ta, amma suka hana a yi salla a kanta ko a sayar da ita. Saboda haka jima a ƙasar nan ba ta taɓa zama aikin hannu zalla ba; tana da hukunci, kuma majemi mai tsoron Allah yakan bambance fatar yanka da wadda ba a yanka ba kafin ya kai wa baduku ya ɗinka buzun salla.

A zamanin da Jahun da Dutse ke ƙarƙashin Sarkin Kano, fatun ƙauyuka kan bi fatake su taru a Kasuwar Kurmi, daga can ayari ya ɗauka ya ƙetare Sahara. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa takalma da jemammun fatu, da jajayen fatun da aka rina da ruwan karan dawa, suna cikin manyan hajojin birnin, har Tarabulus ake kai su. A Turai kuwa aka daɗe ana jingina irin wannan fata ga Maroko, saboda ta tashoshin Arewacin Afirka take isa gare su. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, sai alƙiblar ciniki ta juya daga arewa zuwa bakin teku, kamfanoni suka fi son ɗanyar fata busasshiya su kai masana'antunsu, inda ake jima da gishirin kurom, wanda ke gama cikin sa'o'i abin da bagaruwa ke ɗaukar kwanaki tana yi. Daga baya masana'antun suka zo da kansu suka zauna a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Sana'ar gargajiya ba ta mutu ba, har yau ana yinta a majemar Ƙofar Wambai da waɗansu garuruwa, amma ta ƙanƙance ƙwarai. Roba ta ture salka da guga, fatar shanu kuma da yawa ta koma tukunya a matsayin ganda.

Inda bagaruwa ba ta yi rauni ba shi ne cikin gida, a hannun mata. Mai jego takan zauna cikin ruwan ɗumin da aka dafa da ita don rauni ya haɗe. Wanda dasashinsa ke jini yakan kurkure baki da ita. Wanzami yakan barbaɗa garinta a kan kaciya. Mai basir yana nemanta. Kuma idan yaro ya kama gudawa, musamman wadda iyaye mata ke dangantawa da fitar haƙori, jiƙon bagaruwa na cikin abin da kaka ke fara tunawa. Ba ita kaɗai ba ce a wannan aiki, domin sabara da marke da ɓawon ɗorawa da ganyen ɗinya duk suna da nasu rabo na bauri, kuma kowace tsohuwa tana da irin haɗin da ta gāda. Hikimar da ke ƙarƙashin wannan al'ada a fili take ga mai tunani: abin da ya ɗaure fata ya hana ta ruɓa, ana sa ran ya ɗaure cikin da ya saki. Wannan kiyasi ne, kuma ba Bahaushe kaɗai ya yi shi ba. Likitan Yunanawa Dioscorides ya bayyana ruwan da ake matsowa daga 'ya'yan bagaruwar Masar tun ƙarni na 1 na Miladiyya, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya sa shi cikin magunguna masu ɗaurewa a littafinsa na Ƙanun, kuma irin wannan ilmin ɗibbu ya iso ƙasar Hausa ta hannun malamai, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa risaloli a kan magunguna, ciki har da ta filasko da ta ciwon basir.

Baƙi biyu ko uku sun yi mana hidimar rubuta abin da mu muka bari a ka. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa farkon zamanin Turawa, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya biyo da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1970, Nina Etkin da Paul Ross suka zauna a wani ƙauye kudu maso gabas da birnin Kano, wato maƙwabtanmu na kusa, suka bi diddigin tsirran da mutane ke sha don ciwon ciki, suka buga sakamakon a 1982; babban abin da suka lura da shi kuwa shi ne cewa da yawa daga waɗannan magunguna abinci ne kuma, ana cinsu a miya da kunu da kwaɗo, ta yadda iyakar da ke tsakanin magani da cima ba ta da kauri a wurin Bahaushe. Wannan lura ta fi ƙarfin yadda aka ɗauke ta a lokacin, domin ita ce ainihin mas'alar da masu binciken hanji suka zo suka tsaya a kanta.

Su kuwa Turawa ta wata ƙofa dabam suka shigo. A 1786 Scheele na ƙasar Suwidin ya tace wani sinadari mai tsami daga ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen oak, wanda yake ɗaya daga tubalan tanin, kuma akwai shi cikin bagaruwa. Bayan shekara 10 Bafaranshe Seguin, wanda ke neman hanyar gaggauta jima don takalman sojoji, ya ware sinadarin jima ya ba shi suna. Sannu a hankali aka gane cewa tanin reshe ɗaya ne na wata babbar zuriya, wadda ake kira dangin fenol, mai ɗauke da dubban sinadarai, kuma daga cikinta ne jan zoɓo ya fito, da baurin goro, da na ganyen shayi, da launin karan dafi. Ta ɗaya gefen kuma, likitan yara Theodor Escherich ya bayyana wata ƙwayar bakteriya daga bayan-gidan jarirai a 1885, aka fara fahimtar cewa hanjin lafiyayyen mutum cike yake da halittu marasa ƙidayuwa, waɗanda ba cuta suke kawowa ba, bal ma wani sashe na narkar da abinci a hannunsu yake. Tambayar da ta rage ita ce yadda za a rarrabe aikin jiki da aikin waɗannan baƙi nasa, kuma a nan ne ɓera ya shigo tarihi.

Tun 1906 Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a Amurka ta fara kiwon fararen ɓeraye iri guda, masu kama da juna a jini da girma, don gwaji ya zama abin da wani zai maimaita ya sami daidai. Sa'an nan a shekarun 1940 masu bincike a Jami'ar Notre Dame suka yi nasarar renon ɓerayen da babu ƙwayar bakteriya ko guda a jikinsu: a ciro su daga cikin uwa ta hanyar fiɗa, a sa su cikin akwatin da aka tsarkake, iskarsu da ruwansu da abincinsu duk a tace, su rayu su hayayyafa a haka. Da wannan dabara aka sami mizani mai kyau, domin duk abin da ya auku ga ɓera na kullum bai auku ga wannan tsarkakakke ba, to lalle aikin bakteriya ne. A 1956 Booth da abokan aikinsa a Kalifoniya sun riga sun nuna cewa dabbar da aka ciyar da waɗansu sinadaran dangin fenol takan fitar da su cikin fitsari a farfashe, sun zama ƙanana. A 1972 kuma Griffiths da Barrow a Ingila suka ba ɓeraye marasa bakteriya irin waɗannan sinadarai, sai ba a ga farfasassun ba sam. Hujja ta tsayu ke nan cewa galibin abin da muke haɗiya na wannan zuriya ba ya shiga jini daga ƙaramin hanji, yana wucewa ne zuwa babban hanji, inda bakteriya ke sarrafa shi, kuma abin da suka sarrafa ɗin shi ne mafi yawan abin da jiki ke samu.

Gwajin da ya fi kusa da tukunyarmu an yi shi ne da dawa. A Jami'ar Purdue, Haile Mehansho tare da Larry Butler da Don Carlson suka ciyar da ɓeraye da irin dawar nan mai yawan tanin, wadda tsuntsaye ba su cika son ta ba, suka buga abin da suka gani a 1983. Da farko ɓerayen suka rame. Amma cikin kwana 3 sai ƙullutun miyau na gindin kunne, wurin nan da hangum ke kumburawa ga yara, ya girma, ya shiga fitar da wata irin furotin mai kama tanin tun a baki kafin ya isa ciki, daga nan kuma dabbobin suka ci gaba da girma. Da aka gwada wata ƙaramar dabba mai kama da ɓera, wadda ake kira hamsta, sai ba ta iya wannan kariya ba, ta yi ta ramewa, har mutuwa ta shiga cikinsu. Dawa ɗaya, dabbobi biyu 'yan uwan juna, sakamako biyu masu nisa. Wannan kaɗai ya isa ya koya wa mai hankali jinkiri wajen yanke hukunci. Ya kamata kuma a faɗa, don kada manomi ya tsorata, cewa ba kowace dawa ke da wannan tanin ba, kuma jan launi ba shi ne alamarsa ba. Ƙaura da muke tuƙa tuwo da ita ba ta cikin masu baurin.

Amma tambayar da ta fi zurfi ita ce ta ɗaya fuskar: in bakteriya suna sarrafa bauri, shi kuma me yake yi musu? A 2004 Alexandra Smith da Roderick Mackie na Jami'ar Illinois suka ɗauki tanin daga wata itaciya 'yar uwar bagaruwa, suka gauraya shi cikin abincin ɓeraye, wani rukuni kashi 0.7 cikin 100, wani kashi 2 cikin 100, suka bi sauyin da ke aukuwa cikin kashinsu na makonni. Abin da ya bayyana shi ne cewa tanin ba ya share hanji ya bar shi fayau. Zaɓe yake yi. Waɗansu jinsunan bakteriya suka ragu, waɗansu masu jure masa suka yawaita suka cike gurbin, ciki har da dangin ƙwayar nan ta Escherich, waɗanda a cikinsu akwai na kirki akwai kuma masu kawo cuta. Makiyayi zai gane wannan da sauri, domin akuya tana cin 'ya'yan bagaruwa da rani ta ƙoshi, kuma a 1994 masu bincike a Ostireliya sun ciro daga tumbin awakin daji masu kiwon ganyen dangin bagaruwa wata ƙwayar bakteriya mai jure tanin da farfasa shi.

Bayan haka bincike ya yawaita har ya fi ƙarfin lissafi. A Sifen an nuna cewa ɓerayen da suka ci sinadarin ɓawon rumman bakteriyarsu na juya shi zuwa wani abu dabam mai shiga jini, aka kuma gano daga baya cewa mutane sun sha bamban a nan, wani cikinsa na iya wannan juyi, wani ba ya iyawa. A 2015 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Kanada ɗaya a Amurka, suka ciyar da ƙananan ɓeraye abinci mai maiƙo tare da sinadaran 'ya'yan itatuwa, ɗaya daga cikinsu na inabi ne, suka ga wata ƙwaya mai suna Akkermansia, wadda ke zaune cikin majinar bangon hanji, ta yawaita ƙwarai, ƙiba da alamun ciwon sukari kuma suka yi sauƙi. A gida ma ba a zauna ba: a 2005 Agunu da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka gwada tsirrai 5 da ake sha don gudawa, ciki har da bagaruwa da ɗorawa da ɗinya, a kan ƙananan ɓerayen da aka sa wa gudawa da man zurma, suka sami cewa tsirran suna rage ta. Wannan shaida ce mai daraja ga tsofaffinmu, kuma ni ina ganin ya kamata a faɗe ta da babbar murya, domin an daɗe ana kallon iliminsu da ido ɗaya.

Sai dai a nan ne ya wajaba mu aro ladabin malaman usulu, waɗanda ba su karɓar kiyasi sai sun tabbatar babu wani bambanci mai tasiri tsakanin asali da reshe. Ɓera ba mutum ba ne. Yana da wata babbar jaka a mahaɗar hanjinsa inda abinci ke jiƙuwa, wadda tamu ƙarama ce ƙwarai; babban irinsa ba shi da jakar matsarmama; yakan ci wani sashe na kashinsa, ya mayar da bakteriyar ciki; kuma a ɗakin gwaje-gwaje abinci guda yake ci a ma'auni guda, cikin tsabtar da babu gidan da ke da irinta. Gudawar man zurma kuma ba ita ce gudawar da gurɓataccen ruwan rijiya ke kawowa ba. Hatta tsakanin mutane akwai tazara: binciken da aka buga a 2010, wanda ya gwama yaran wani ƙauye na Burkina Faso masu cin gero da dawa da yaran birnin Florence na Italiya, ya sami jama'ar hanjinsu sun bambanta nesa ba kusa ba. Cikin yaron Jahun, mai shan kunu da fura da miyar kuka, mai yiwuwa ya fi kusa da na ɗan Burkina, kuma hukuncin da aka ciro daga ɓeran Illinois ko Bature mai cin burodi ba zai hau kansa kai tsaye ba.

Akwai kuma illa, wadda ɓoye ta ha'inci ne. A 1925 wani likita a Detroit ya fara shafa ruwan tanin a kan ƙuna, aka yi ta yabon dabarar ana bi a asibitocin duniya, sai a farkon shekarun 1940 aka tabbatar cewa yana ratsawa ya lalata hanta, har waɗansu majinyata suka rasu, aka daina. Abu mai amfani ne a ƙaramin rauni ya zama guba a babba. Sa'an nan ga maganar ƙarfe da muka ajiye: yadda bagaruwa ke kama ƙarfen kuloko a kan fata, haka tanin ke kama sinadarin ƙarfe na cikin abinci ya hana jiki shan sa, kuma tun 1975 aka nuna a Afirka ta Kudu cewa shan shayi tare da abinci na rage ƙarfen da ke shiga jini ragi mai yawa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da yoyon fitsari tun 2008, yana karɓar mata daga ko'ina cikin Jigawa, kuma ƙarancin jini na cikin manyan abubuwan da ke wahalar da mai ciki da mai jego a ƙasar nan. Macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, in ta zauna cikin ruwan bagaruwa wannan dabam. Amma in ta dinga shan jiƙe-jiƙe masu bauri da baƙin shayi a kan abincinta da kan ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ta, to tana rage wa kanta abin da ta fi bukata. Ta raba su da sa'a ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi damuna a yau shi ne mun tsaya tsakanin gida biyu, ba mu riƙe ko ɗaya da kyau ba. Tsofaffin da suka san gwargwado, suka san wace bagaruwa ake tsinka da wane lokaci, da yawan da ake jiƙa wa babba da wanda ake jiƙa wa yaro, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A gurbinsu kuwa sai mai talla da lasifika a kasuwa, wanda gora ɗaya tasa ke maganin cuta arba'in. A ɗaya hannun, da zarar ciki ya motsa sai a ruga kemis a sayi Flagyl ko kafso ba tare da ganin likita ba, alhali galibin gudawar yara ba ta bukatarsu, kuma suna yi wa jama'ar hanji ɓarnar da ta fi ta kowane jiƙo. Itaciyar ita kanta gatarin masu itacen girki da gawayi bai ƙyale ta ba. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, yanzu tana da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, tana da jami'ar jiha a Kafin Hausa, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya a cikin garin Jahun kansa. Ina roƙon malaman waɗannan wurare su tura ɗalibansu ga majema da ungozomomi da wanzamai su rubuta abin da suka sani da sunayensu da ma'auninsu tun suna raye, sa'an nan su ɗauki bagaruwar fadamunmu da sabarar jigayinmu su auna su, a kan ɓera da farko, daga baya a kan cikin mutanen da ke shan su, bisa ƙa'ida da izini.

Kafin wannan ya samu, akwai abin da ba ya jiran bincike. A annobar amai da gudawa ta 2021, wadda aka ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma abin da ke kisa a wannan cuta shi ne ƙarewar ruwan jiki, wanda bauri ba ya mayarwa ko da ya tsayar da ciki. Saboda haka, ya ke uwa, ya kai maigida, idan yaro ya fara zawo a fara da ruwan gishiri da sukari: in akwai ƙullin da ake bayarwa a asibiti shi ya fi, in babu a sami lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a dinga ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono. In an ga jini cikin kashin, ko idanu sun faɗa, ko ya kasa sha, a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a, kada a tsaya jiƙa komai.